Ciyawar Mussa a Bayan Rumbu

A shekarar da ruwa ya fara taruwa a bayan madatsar Bakolori, aikin lambu nake yi a gidan wani injiniya Bature, cikin unguwar da kamfanin gina madatsar ya yi wa manyan ma'aikatansa wajen Talata Mafara. Ban daɗe da aure ba, ni da matata muna zaune a gidan mahaifina. Gonarmu ta fadama da muka gada kusa da Maradun tana cikin waɗanda ruwa ya ci. Aka tashe mu aka kai mu wani tudu mai tsakuwa, aka auna wa kowa fili da igiya, aka ce ga sabon gari. Kowace safiya motar ma'aikata ta ɗauke ni, da yamma ta maido ni, mutanen garinmu na zaune bakin hanya suna kallon wanda ya hau da wanda ya sauka. Ba wanda ya taɓa faɗa mini magana ido da ido, amma na san sunan da ake kiran irinmu da shi. Kunnen kamfani ake ce mana.

Matar injiniyan ce ta ba ni irin. Tana shirin komawa ƙasarsu haihuwa, sai ta kira ni ƙofar kicin, ta buɗe firiji ta ciro wata 'yar ambulan mai sanyi ta miƙa mini. A jikin takardar akwai hoton wani ganye da hoton kyanwa, wadda mu a wajenmu mussa muke ce mata. Ba ta jin Hausa, ni kuma abin da nake ji na yarensu bai wuce sunayen kayan aiki ba. Ta nuna hoton, ta nuna ƙatuwar farar mussarta da ke kwance kan kujera, ta yi dariya, ta yi wata doguwar magana. Sannan ta durƙusa ta gwada mini da hannu: kada a binne, a barbaɗa bisa ƙasa, a danna da tafin hannu, a yayyafa ruwa kaɗan. Ni dai na ɗauka hoton mussar tambarin masu sayar da irin ne, kamar yadda ake sa zaki ko damisa a jikin kaya. Ganyen kuwa na ɗauke shi wani irin na'ana'a.

Kukun gidan, wani dattijo ɗan Bakura, yana kallonmu. Da ta shige ciki sai ya ce in yi hankali, Bature ba ya ba da abu haka kawai, ko gwangwanin da babu komai ciki ya ba ka, to akwai ranar da zai tambaya. Na sa takardar cikin aljihu, amma maganarsa ta bi ni har gida. Kwana huɗu ambulan tana cikin akwatina ban buɗe ba.

Da na buɗe sai na ga irin bai kai riɗi girma ba, baƙi-baƙi, in ka yi numfashi da ƙarfi sai ya tashi. Ƙasar sabon garin ba ta riƙe ruwa, tsakuwa ce zalla. Don haka ranar hutu na tafi bakin tafkin na ɗebo laka cikin buhu, na cuɗa ta da yashi da tsohon kashin awaki, na zuba cikin wani fasasshen kasko. Shukar farko ba ta fito ba. Matata ta tausaya mata ta kwara mata ruwa da ƙwarya, irin ya bi ruwa ya tafi. A karo na biyu sai na riƙa tsoma tsintsiya cikin ruwa ina yarfawa, na rufe kaskon da jiƙaƙƙen buhu, na ajiye shi inuwar katanga. Lokacin an gama kaka, sanyi ya fara shigowa, shi ya taimake ni.

Ruwa kuwa abin rigima ne a gidan. Ga tafki shimfiɗe a ƙasanmu iya ganin ido, amma rijiyar garin ɗaya ce, kuma tana da zurfi. Na ga yadda matata take kallon butar duk lokacin da na nufi kaskon. Daga baya na mayar da shi wurin da nake alwala, ruwan da ya zuba daga hannuna shi yake sha. Kusan mako biyu ba komai. Har na fid da rai, sai wata safiya na ɗaga buhun na ga 'yan kore-kore kamar kan allura, kowanne da kunne biyu.

Mahaifina ya zo ya tsaya a kaina, hannunsa a baya. Ya leƙa cikin kaskon.

"Mi na wanga?"

"Wani ganye ne, Baba. Kamar na'ana'a."

"Ina ka samo shi?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce su sun shanye mana inda muke shuka gero, kai kuma ka ɗauko ciyawarsu kana reno cikin kasko. Bai ce in zubar ba, ya dai wuce masallaci.

Da suka yi ganye huɗu-huɗu sai na zaɓi guda tara masu ƙarfi na dasa su bayan rumbu, jikin darnin kara da ya raba mu da maƙwabciyarmu. Rumbun a shekarar babu abin kirki cikinsa, inuwarsa ce kawai amfaninsa. Maƙwabciyar wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu tun a tsohon gari, kowa Inna yake ce mata. Tana da mussa guda, baƙa mai farin wuya, da ke tsare mata gyaɗarta daga ɓeraye. Tun ranar da aka auna filaye muke da 'yar tsama da ita, don ta ce igiyar ta karkata wajenmu da taki biyu, kuma ta ce ba mamaki tunda muna da ɗa a kamfani.

Shukar ta kama. Cikin wata guda ta kai taƙi, ganyenta toka-toka mai laushi kamar an yi masa gashi, gefensa da haƙora. In ka murza, ƙamshin yana tsakanin na'ana'a da ɗoɗɗoya, da wani abu a ƙarƙashi da ban san da me zan kwatanta shi ba. Nakan tsinke kan kowace don ta yi rassa, yadda nake yi wa ganyayen Baturiya. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin ganinta. A duk filin da aka ba mu ita kaɗai ce kore.

Wata rana na sauko daga mota da yamma, na leƙa bayan rumbu, na tarar uku a kwance, an murƙushe su cikin ƙasa, ganyen a tattaune. Guda biyu kuma babu su sam, sai ramin da suka bari. A jikin darnin, daidai wurin, akwai wata kafa da ban san da ita ba.

Ban yi wata-wata ba zuciyata ta tafi kan Inna. Na tambayi matata, ta ce tana ɗaki tana tankaɗe, ba ta ga kowa ba. Yadda ta amsa da sauri ya sa na fara tunanin ko ita ce ta gaji da ganin ruwa na tafiya a banza. Da muka zauna cin tuwo na dubi mahaifina, na tuna maganarsa ta ranar farko, na ce a raina ko shi ne. Mutum uku, kuma ba wanda zan iya tambaya kai tsaye. Na toshe kafar da kara, na tayar da waɗanda suka kwanta na ɗaure su da tsinke. Bayan kwana biyu aka sake, kafar ta koma yadda take.

Daga nan na rage gaisuwata da Inna. Da can in na wuce ƙofarta sai na durƙusa, mu bi kwana da gajiya da sanyi da jiki da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Yanzu sai in ce ina kwana daga tsaye in wuce. Ta lura, ita ma ta rage nata. Matata ta daina yi mini hira in na dawo. Mahaifina kuwa ko kallon bayan rumbun ba ya yi, wannan ma ya zama mini abin zargi.

Ashe yadda nake zarginta haka ita ma take zargina. Ranar wata Alhamis da na dawo, na iske ta a zaurenmu tana gaban mahaifina, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta dube ni ba. Ta ce ita ba ta zo neman faɗa ba, amma a gaya wa yaron nan ya bar mata dabbarta. Kwana goma ke nan mussarta ba ta kama ɓera ko ɗaya ba. Sai ta ɓace da hantsi, ta dawo tana tangaɗi, miyau na zuba, ta kwanta ta yi ta kallon sama kamar mai ganin wani abu. Ta ce ta bi sawunta, gidanmu take shiga.

"In wani abu anka ba ka ka gwada," in ji ta, "ka gwada ga naka. Ni ita ɗai gare ni."

Na rantse ban ba mussarta komai ba. Har na buɗe baki zan ce ita ce ke shigowa tana tumɓuke mini shuka, mahaifina ya ɗaga mini hannu. Ya ba ta haƙuri, ya raka ta har ƙofa.

Washegari Juma'a ce, ba aiki. Na ɗauki tabarma na zauna a inuwar ɗakin mahaifina inda nake hango bayan rumbu, na ce yau sai na ga mai yi. Hantsi ya ɗaga, gida ya yi shiru. Sai na ga karan da na toshe kafar da shi yana motsi. Baƙin kai ya ɓullo, sai farin wuya. Ta nufi shukar kai tsaye kamar wadda aka aika. Ta shinshina, ta goga kumatunta a jikin ganyen, ta ciza, sai ta faɗi ta fara birgima, ƙafafu sama, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ta tashi ta yi tsalle ta cafki abin da babu shi, ta sake faɗuwa. Kafin in gama mamaki wata ja ta diro daga kan katanga, sai wata mai dabbare-dabbare da ban taɓa gani a unguwar ba. Su uku suna ta murƙususu a kan abin da na yi wata biyu ina reno.

 Na girma ina jin abin da ake faɗa a kan mussa, cewa ba kowace ka gani ba ce dabba. Na waiwaya sai na ga mahaifina tsaye a ƙofar ɗakinsa da carbi a hannu, bakinsa na motsi. Matata ma ta fito da muciya a hannu ta tsaya. Bayan ɗan lokaci mussoshin suka tashi ɗaya-ɗaya, suka lashe jikinsu, suka tafi kamar ba su ba.

Ya kamata in ji sanyi a raina tunda na ga ba mutum ba ne. Amma maganar kukun nan ce ta dawo mini. Mene ne wannan da matar ta ba ni? Don me ta yi dariya? Don me ta ajiye shi cikin firiji kamar magani, kuma don me ba ta shuka shi a nata lambun ba sai da za ta tafi ta miƙa mini?

Kafin a sauko daga masallacin Juma'a labari ya zaga gari. Ban san wanda ya fitar da shi ba, wataƙila masu leƙe ta katanga. A cikin mako guda na ji fassara iri-iri, duk ta bakin matata, don ni ba a faɗa a gabana. Wasu sun ce tabar wiwi ce ta Turawa. Wasu sun ce guba ce ake gwadawa kan dabbobi kafin a zuba cikin ruwan da za a sako wa gonaki. Wasu sun ce alama ce, yadda masu awo ke kafa turaku masu jan fenti a gonar da za a karɓe, haka aka ba ni in dasa don a gane gidan mutuminsu. Tsofaffin mata kuwa ba su tsaya nan ba, sun ce gidan da mussoshi ke taruwa da rana tsaka an san abin da ke cikinsa. Matan da ke zuwa aron turmi da ɗibar wuta wurin matata suka ɗauke ƙafa. A rijiya sai a matsa mata ta ja ruwa ita kaɗai.

Lokacin kuma zukata sun riga sun yi zafi. Manoman wajenmu da na wajen Bakura suna ta taruwa a kan maganar gonakin da aka ce za a mayar musu bayan an gyara, shiru ba a mayar ba. In na doso dandalin da ake zama bayan la'asar, sai maganar ta koma kan farashin goro. Wani abokina da muka yi kiwo tare tun muna yara ya taɓa ja na gefe ya tambaye ni, tsakani da Allah, ko ana tambayata sunayen mutane a wurin aiki. Na ce ni ciyawa nake cirewa ina ban ruwa. Ya ce to, amma idonsa bai yarda ba.

Wanda ya shigo cikin maganar shi ne wani malami abokin mahaifina, wanda gidansu tun kakanni karatu suke koyarwa. Ya zo bayan la'asar, suka yi gaisuwa mai tsawo da Baba a zaure, har na ɗauka ziyara ce kawai. Sai ya ce a kai shi ya ga abin. Ya tsuguna, ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe. Ya tambaya ko takardar da irin ya zo ciki tana nan. Na kawo masa. Ya juya ta gaba da baya, ya sa yatsa a kan hoton mussar.

"Ai Baturiyar ta gaya maka," in ji shi. "Kai ne ba ka ji ba."

Ya ce shi bai san wannan ganye ba, kuma ba zai ce ya sani ba. Amma Allah ya halicci tsirrai da dama da dabba ke so mutum bai san dalili ba, ko akuya akwai abin da in ta ci sai ta yi ta tsalle. Sai dai mutanen gari ba za su karɓi wannan daga bakinsa kawai ba. Ya dube ni ya ce abin da mutum ya shuka a gidansa, ya kamata ya iya shan sa a gaban jama'a. Ya tambaye ni ko zan iya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, zan iya." Amma ni kaina ban tabbata ba.

Matata ta tafasa ganyen cikin ƙaramar tukunya. Aka fito da shi ƙofar gida cikin kwanon sha. Mutane sun kai goma sha, har da abokin nan nawa, Inna kuma tana tsaye a ƙofarta. Ruwan ya yi launin ɗorawa-ɗorawa. Na yi bisimilla na kafa kai na sha rabi. Ɗan ɗaci ne da ƙamshi, ba wani abu ba. Malam ya karɓi kwanon ya shanye sauran, ya goge gemunsa, ya zauna kan tabarma ya ci gaba da hira da mahaifina a kan wani maraƙi da ya ɓace. Kowa ya zuba mana ido. Ni ina jin kowane motsi na cikina, ina jira ƙafata ta fara rawa. Gumi kaɗan ya karyo mini, sai hamma. Har aka kira magariba ba wanda ya yi birgima a cikinmu, mutane suka tashi suka nufi alwala, wasu na murmushi.

Inna ce kaɗai ta yi magana. Ta ce mutum ai ba mussa ba ne, ta shige gida.

Maganar guba da ta maita ta kwanta daga ranar, mata suka dawo aron turmi. Ta alama ce ba ta kwanta ba, don wannan ba a shan ta a kwano. Mahaifina ya kira ni bayan kwana biyu ya ce ba ciyawar ce ke damun mutane ba, motar da nake hawa ce. Bai ce in bari ba, ni ma ban ce zan bari ba. Ba a daɗe ba manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aiki, motar ta daina zuwa. Abin da ya biyo baya mai nauyi ne, an rasa mutane, ba kuma shi na zauna rubutawa ba. Da ƙura ta lafa aka ce ma'aikata su koma, ni ban koma ba. Baturiyar ma ban sake ganinta ba, balle in nemi wanda zai tambayar mini ita.

Shuka huɗun da suka rage na kewaye su da ƙaya, na kifa musu tsohon kwando mai ɓula. Suka yi fure ƙanana farare masu ɗigon shuɗi, zuma na ta zuwa. Mussoshin suka koma zagaye kwandon suna kuka, in ganye ya leƙo waje su cinye. Da bazara ta yi tsanani biyu suka bushe duk da ruwan alwalar.

A cikin bazarar ne Inna ta kwanta ciwon ƙafa, matata ta riƙa kai mata kunu. Wata rana ta dawo ta ajiye kwanon, ta ce in zo in ji. A ɗakin da Inna ke ajiye buhunan gyaɗarta, bayan ƙofa inda haske ke shigowa ta taga, akwai fasasshiyar tukunya da shuka biyu a ciki, toka-toka, sun fi nawa tsawo da ƙiba. Mussar na kwance a gindinsu, da wasu guda biyu na maƙwabta. Matata ta ce ko kashin ɓera ɗaya ba ta gani a ɗakin ba. Inna ta lura matata ta gani, ta dai karɓi kununta.

Na tashi zan tafi in tambaye ta yaushe ta ɗauka, kafin ta zo ƙara wurin Baba ko bayan nan. Mahaifina yana jin mu daga zaure. Ya ce in zauna, tsohuwa ce kuma ba ta da lafiya, kuma in na je me zan ce na zo karɓa. Na zauna.

Shekara biyu bayan haka na samu ɗan fili a gonakin ban ruwa na koma Talata Mafara da iyalina ina noman tumatir da albasa. Duk lokacin da na je gida nakan shiga in gaishe da Inna, in durƙusa mu yi gaisuwa cikakkiya. Har ta rasu, in hira ta biyo ta kaina, takan gaya wa mutane cewa yaron kirki ne, sai dai shi ya lalata mata mussa.